Koren Awarwaron Gwaggo Baiwa

"Ja mana, Inna! Ja da ƙarfi!"

"Ke, in na ƙara ja, hannun ne za ya cire, ba awarwaron ba," in ji Inna tana haki.

Muna tsugune a tsakar gidanmu na Gwadangaji, hantsi bai gama ɗagawa ba, hannuna na dama cikin kwanon yauƙin kuɓewa har gwiwa. Kafin kuɓewa mun gwada sabulu. Kafin sabulu mun gwada man shanu, man gyaɗa, basilin, har leda muka zura a hannun muka ja. Awarwaron nan sai ya taho sumul-sumul kamar abin kirki, yana isowa ƙashin babban yatsa sai ya ja birki ya tsaya. Ga shi ranar na cika arba'in, ranar da zan ɗauki 'yata in kai ta Argungu wurin mai awarwaron.

Bari in faɗa muku yadda aka yi, don wallahi tun jiya bakina ƙaiƙayi yake.

Ni ce Nazifa. Maigidana Munzali direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Gwaggo Baiwa yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun yana yaye, don haka a wurinmu ita ce uwar miji. Tsohuwar 'yar kasuwa ce, irin waɗanda in suka yi gyaran murya kowa ke gyara zama. Ranar bikinmu ta kama haɓata a gaban mata ta dube ni ta ce, "Wagga yarinya ba ta da rawar hannu, na gani a idonta. Ko mi ka ba ta ajiya za ka iske abinka." Kun ji fa. A gaban dangi kaf.

To ina da cikin wata biyar sai ga maigidana ya shigo da wani ƙullin hankici, ya ce saƙon Gwaggo ne, gobe zai kai wa 'yarta Hamida da ke aure a Gesse. Ya ɗora a kan madubi ya tafi masallaci. Ni kuwa na ce bari dai in leƙa. Ina buɗewa, wayyo! Awarwaro ne guda ɗaya, kore shar kamar shinkafar fadama tana sati uku, ga sanyi, ga santsi, babu mabuɗi babu mahaɗi. Na ce bari in gwada, minti ɗaya. Ya ƙi shiga. Maimakon in ajiye in yi istigfari, sai na ɗauko sabulu. Ya shige fit. Shi ke nan.

Hamida da muka je mata da fuskar tausayi dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Kumburin ciki ne, matar ƙanena. Bari ki haihu, da kanshi zai zame. Ni zan san abin da nike gaya wa Gwaggo." Kowa haka ya ce. Ungozoma haka ta ce, Inna haka ta ce. Abin da babu wanda ya tuna shi ne, bayan haihuwa akwai jego, kuma a hannun Inna Uwa zan yi shi.

Kwana arba'in! Da safe ruwan zafi da ganyen darbejiya, ina fitowa ga kunun kanwa kwano guda. Da hantsi gasasshen nama da yajin jego. Da rana tuwo da farfesun ƙafar sa. Da la'asar wani wankan, wani kunun. In na ce na ƙoshi sai Inna ta ce, "Ba ke nike ciyarwa ba, jikata nike ciyarwa." Kumburi ya tafi, ƙiba ta zo ta zauna a kujerarsa. Da na farga, kwana huɗu kafin arba'in, na fara zuba kunun a bayan randa a ɓoye. Ina! Kwana huɗu ba sa rushe aikin kwana talatin da shida.

"Laihinki ne, Inna," na ce da ita ina wanke yauƙin. "Ke kika mai da ni haka."

"Awo, ni ce, kuma ban tuba ba. Ɗiyata ta hita arba'in kamar karan dawa, dangin miji su ce ban iya jego ba? Ni na ce ki sa abin da ba naki ba?"

Na ci gaba da wanke yauƙin.

Ana haka maigidana ya yi sallama. Ya dubi kwanon kuɓewa, ya dubi hannuna da ya yi jawur, ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Baban Kausar, dariya kake?"

"Ni? Tari ne. Tashi ki shirya, akwai wani maƙerin zinari a bakin kasuwa, mu biya ta wurinshi kafin mu ɗauki hanya."

Na goya Kausar. Sunanta na yanka Ummu Hani, sunan Gwaggo ke nan na gaskiya, shi ya sa muke sakaya shi. Gwaggo ba ta zo suna ba, an ce jikin ya matsa mata, ciwon suga. Ba ta taɓa ganin takwararta ba. Don haka babu zancen a ɗaga tafiya.

Malam Tamba maƙeri wani ɗan tsamurarren tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare. Na miƙa hannun ta ƙasan hijabi. Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe ya ƙwanƙwasa awarwaron, sai ya yi wata ƙara siririya mai daɗi. Ya ce in ɗaga shi saitin rana. Na ɗaga. Sai ga haske ya shiga cikinsa, har da wasu jijiyoyi farare kamar hayaƙi.

"Ina kunka samo wanga?" in ji shi. "Ba gilashi ba ne, ba roba ba. Dutse ne. Jed aka ce mishi, can ƙasar Sin aka fi sanin darajarshi."

"To Baba, a cire shi dai," in ji maigidana.

"Zinari nike yankawa in like. Azurfa nike yankawa in like. Wanga in na ɗora mishi guduma, a tsumma za ku kwashe shi, gida uku ko huɗu. In kun ce in buga, in buga. Minti guda ne."

Har ya ɗauko guduma. Maigidana ya dube ni. Na hango kaina na shiga gidan Gwaggo hannuna sakayau, an ce ai saƙo ya faɗi ya fashe, tsautsayi ne. Sai kuma na ji sanyin dutsen a fatata. Na janye hannuna na mai da shi cikin hijabi.

"A'a, Baba. Gara ta zage ni da shi lafiya lau."

"Kin yi hankali, ɗiyata," in ji shi. "Amma da kin yi shi tun kahin ki sa."

A tasha, muna jiran mota ta cika, maigidana ya zaro waya ya ce bari ya ga wane irin dutse ne wannan da ya hana shi barci wata shida. Shi ya yi sakandare ya gama, ni a aji biyu na tsaya, don haka shi ke karantawa yana fassara mini.

"Kai, Turawa da ragwanci," in ji shi. "Suna ɗaya sun raba wa abu biyar. Dutsen jed ne. Irin koren nan nashi ma, ko a atamfa ko a fenti, jed ne. Suna raɗa wa 'ya'yansu mata sunan. Har tsohon dokin da aiki ya gama cinyewa, ya gaji tiɓis, shi ma haka suke ce mishi."

"To wannan kai ke nan."

"Na yarda. Amma tsaya, ga naki. Akwai wani ɗan tsiro da suke ajewa a tukunya, ganyenshi kauri-kauri, ɓul-ɓul, ko ba a ba shi ruwa ba ba ya ramewa." Ya juyo mini hoton. "Maman Kausar, rantse ba ke ba ce."

Na kai masa duka da hannun awarwaro, ya goce, ya ce in yi a hankali da kayan mutane.

Ya sa ni gidan gaba da jaririya a cinya. Ba mu fita gari ba wata mata mai sayar da albasa a kujerar baya ta fara shinshine-shinshine.

"Direba, wa ya taho da miyar kuɓewa? In ta zube mini a zane ba za mu rabu lafiya ba."

Maigidana, Allah ya shirye shi, sai ya kwashe labari kaf ya faɗa wa mota. Nan fa kowa ya zama likita. Wani ya ce a naɗe hannun da zare. Wani ya ce ƙanƙara. Wani ɗan makaranta ya ce a asibiti suna da abin yankawa, mai albasa ta ce masa ya rufe baki, ba a ji abin da maƙeri ya ce ba? Sai wani dattijo mai farin gemu da bai ce komai ba tun tasha ya yi gyaran murya.

"Ɗaga hannun sama, yarinya. Jini ya sauka. In kin riƙe shi haka har Argungu, za ya saɓule."

Rufin mota ya yi ƙasa, don haka ta taga na fitar da hannun na miƙe shi sama. Haka muka tafi. Jama'a, tun daga bayan gari duk wanda muka wuce sai ya ɗago mini hannu! Masu dashen shinkafa a fadama suka miƙe daga sunkuyo suna ɗago mini hannu. Masu jakuna da buhunan albasa suna ɗago mini hannu. Wasu mata a bakin rijiya har da guɗa. Mai albasa ta ce, "Direba, ashe 'yar takara ka aura ba ka faɗa muna ba!" Mota ta kwashe da dariya, ni ma ina dariya, hannu ya yi tsami kamar ba nawa ba, Kausar kuwa barcinta take sha.

Muna isa tashar Argungu fasinjoji suka ƙi watsewa. Mai albasa ta zaro sabulun wanki daga jakarta, ta yayyafa ruwan leda, ta kama ta ja. Awarwaro ya taho, ya taho, ya iso ƙashin nan nasa, ya tsaya. Dattijon ya shafa gemu ya ce, "To, hanyar ce ba ta da nisa. Da Sakkwato za mu, da ya hita."

Daga nan dariya ta ƙare mini. A ƙofar gidan Gwaggo maigidana ya ɗauko wani farin ƙyalle ya naɗe mini wuyan hannun, awarwaro da komai.

"In ta tambaya, ki ce ruwan jego ne ya ƙone ki. Yau dai mu wuce. In kin koma gidanmu na Badariya kika fara daka da wanki, wata ɗaya ya ishe ki ki zabge."

"Ƙarya fa ke nan, Baban Kausar."

"Ƙarama ce. Jinyarta muke yi."

Muka yi sallama. Ban san lokacin da na tsaya cak a bakin ɗaki ba. Gwaggon da na sani, wadda in ta zauna a kujera babu sauran wurin ko kyanwa, ita ce a kan katifa an jingina ta da filo biyu, wuyanta duk jijiya, hannayenta kamar muciya. Amma idon nan yana nan, muryar ma tana nan.

"Ku shigo mana, kun tsaya kamar masu karɓar haraji. Miƙo mini takwarata."

Na durƙusa na gaishe ta, na kwance goyo na miƙa. Ta karɓa ta buɗe fuskar, ta daɗe tana kallo.

"Kai! Wagga ta kwashe mini hanci. Ke, wa ya ba ki izini? Suna kin ɗauka, hanci kin ɗauka, saura mi?" Kausar ta yi hamma. "Dube ta, tun yanzu ta raina ni." Ta tofa mata addu'a a ka, ta ɗago ta dube ni. "Ke kuma tuɓe hijabin nan, ba baƙo a ɗakin. In ga aikin da Uwa ta yi."

Na tuɓe. Ta dube ni sama da ƙasa ta gyaɗa kai.

"Madalla. Wanga shi ne jego. A gaya wa Uwa na yaba." Sai idonta ya sauka a kan ƙyallen. "Mi ya samu hannun?"

"Ruwan wanka ne, Gwaggo," maigidana ya yi caraf daga bakin ƙofa. "Ɗan ƙuna ne, ya kusa warkewa."

"Ba kai na tambaya ba."

Na dubi 'yata a kan cinyarta, mai sunanta. Na tuna hannun nan da ya kama haɓata a gaban mata. Wallahi bakina ya ƙi ɗaukar ƙaryar. Na sa haƙori na kwance ƙullin, na warware ƙyallen, na miƙa mata hannun ina kallon tabarma.

"Ba ƙuna ba ce, Gwaggo. Saƙonki ne na Yaya Hamida. Ni na buɗe, ni na sa, da sabulu. Wata shida ke nan ya ƙi fita. Yau har wurin maƙeri mun je, ya ce sai dai a fasa, na ce a'a. Ki yafe mini. Kin yabe ni a gaban mutane, ga abin da na yi."

Na ji maigidana yana ja da baya a hankali. Sai na ji yatsunta masu sanyi a hannuna. Ta juya awarwaron, ta tura shi sama, ta jawo shi ƙasa har ƙashin, ya tsaya. Ta sake ja. Ya tsaya. Sai na ji wani sauti. Na zaci kuka take. Na ɗago a tsorace, ashe dariya ce, dariya har tana tari, har hawaye.

"Da sabulu!" in ji ta. "Ni da leda anka sa mini!"

Na buɗe baki.

"Shekara goma sha tara ke nan. Na tahi ƙasar Sin sarin tangaran, tahiyata ta hwarko. Na shiga wani shago, ba saye na zo ba, kallo na zo. Na ce bari in gwada. Minti guda. 'Yar matar da ke tsaron shagon ta zura mini leda a hannu, ta tura shi, fit! Na ce to cire. Ta ja, na ja, mai yi mini tafinta ma ya ja. Duk shagon sunka taru suna dariya da yarensu. Sannan tafinta ya ce mini, Hajiya, ai su ba su cirewa. In mace ta sa, ta sa ke nan, da shi take wanka, da shi take tsuhwa, in ta gama ta bar wa ɗiyarta. Dole na saye shi. Na dawo gida na ce wa kowa da niyya na saya."

"Gwaggo!" in ji maigidana. "Ke da kika ce mini wata sarauniya ta ba ki?"

"Kai da ka ce mini ruwan jego ne? Yi mini shiru."

Ta share ido da gefen zane. Ba ta saki hannuna ba. Ta ɗora nata kusa da nawa a kan cinyarta, gefen ƙafafun Kausar, nawa ɓul-ɓul, nata ƙashi da fata.

"Shekara goma sha tara babu abin da ban yi ba, bai hita ba. Rannan ina alwallar asuba, na sauke hannu haka, sai na ji abu ya zame ya faɗa kan tabarma. Ba sabulu, ba leda. Ranar na san ciwon nan da gaske yake." Ta shafa dutsen da yatsa. "Shi ya sa na ce a kai wa Hamida. In na gan shi a ɗakin, hannuna nike gani. Ita kuma ta zo sau uku ba shi a hannunta, tana ta yi mini kwana-kwana. Na ce shi ke nan, ta fasa shi tana jin tsoro. Ashe yana nan ya samu wurin zama."

"Zan rage cin abinci, Gwaggo," na ce da sauri. "Na ma fara. Kwana huɗu ke nan ina zubar da kunu. Da ya fita zan kai wa Yaya Hamida."

Fuskarta ta canza nan take.

"Kina mi? Kina shayar da takwarata kina zubar da kunu? Don dutse?" Ta buge mini bayan hannu, ɗan bugu marar ƙarfi. "Hamida kamar tsinken tsire take, ko ta sa a kasuwa za ta yar da shi. Ni zan yi mata magana. Ke kuma saurara. Na ga yadda yake hita, ban yi miki fatan haka ba. Allah ya sa ya ƙi hita. Allah ya sa sai kin tsuhwa tukuf, kin ga jikokin wagga, sannan ya zame da kanshi ki ba ta."

"Amin," in ji maigidana, murya ƙasa-ƙasa. Ni kam hawaye kawai, ina dariya ina sharewa da ƙyallen ƙaryar.

"Amma maganar rawar hannu na janye," in ji Gwaggo. "Kina da ita. Irin tawa ce."

Ta ɗaga murya ta kira matan gidan. Aka shigo da tuwon shinkafa da miyar giwan ruwa, kifin da aka kamo da safen nan, yana ta tururi. Na ci malmala ɗaya na ce alhamdu lillahi. Gwaggo ta ce a ƙaro. Na ci ta biyu. Ta ce a ƙaro, ta zura ido a kan hannuna kamar mai gadi. Tana kallona ina ci sai ita ma ta ce a ɗan gutsuro mata ta ɗanɗana. Matan gidan suka dubi juna, don an ce rabonta da neman abinci da bakinta tun watan jiya. Loma biyar ta yi. Na ƙirga.

Da la'asar muka kamo hanya. Wannan karon hannuna na kan cinya, Kausar ta kama awarwaron da 'yan yatsunta ta ƙi saki. Muna shiga gida Gwadangaji na tarar Inna ta jera sabon sabulu, da ƙanƙara a roba, da wata kuɓewar da ta jiƙa tun azahar.

"Ƙaƙa kunka ƙare? Ta yi faɗa? Zo mu sake gwadawa, wata ta ce mini in an haɗa da..."

"Inna," na ce ina kwance goyo, "kai kuɓewar nan kicin a yi miya. Akwai sauran kunu?"